Wasiyyar da Ba Ta Umarci Kowa Ba

A shekarar 1645, a garin Kumamoto da ke tsibirin Kyushu a kudancin Japan, wani tsoho da ya haura shekara sittin ya fahimci cewa ciwon da ke jikinsa ba na tashi ba ne. Sai ya shiga raba ƴan kayansa ga almajirai da abokan arziki. Da ya gama, ya ɗauki alƙalamin gashi irin nasu, ya rubuta layi 21, ya sa kwanan wata, ranar 12 ga wata na 5 bisa kalandarsu ta wancan zamani, ya kuma rubuta sunan wanda ya bar wa takardar, wato almajirinsa Terao Magonojo. Bayan kwana bakwai rai ya yi halinsa. Sunan tsohon Miyamoto Musashi, sunan takardar kuwa Dokkodo. Haruffan Sin guda uku ne suka haɗu suka ba da wannan suna: na farko kaɗaici, na biyu tafiya, na uku hanya. A Hausa sai a ce hanyar mai tafiya shi kaɗai.

Takardar tana nan har yau da rubutun hannunsa, a gidan adana kayan fasaha na lardin Kumamoto. An juya ta zuwa harsuna da dama, ta yi tafiyar da mai ita bai taɓa mafarkin yi ba. A cikin wannan tafiya ce ta faɗo hannun wani ɗalibin kimiyyar harshe a Yamai, ta taimake shi, ta kuma sa ya aikata abin da har yanzu yake jin kunyarsa. Kafin a zo kan ɗalibin, ya kamata a san mai takardar.

An haifi Musashi wajen shekarar 1584, a ƙarshen zamanin da sarakunan yaƙi suka yi ta gwabzawa a Japan. A farkon babban littafinsa, Gorin no sho, wato littafin zobba biyar, shi da kansa ya ba da labarin ƙuruciyarsa. Yana ɗan shekara 13 ya yi karonsa na farko da wani mai takobi, Arima Kihei, ya kayar da shi. Yana da shekara 21 ya tafi Kyoto ya gwada kansa da gwanayen babban birni. Kafin ya cika talatin ya yi karo fiye da 60, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne karonsa da Sasaki Kojiro a wani ɗan tsibiri da ke mashigin teku tsakanin Honshu da Kyushu, wanda aka saba danganta shi da shekarar 1612, inda masu ba da labari suka ce da takobin itace ya yi, wanda ya sassaƙa daga filafilin jirgin ruwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran jarumai ya zo ne bayan nasarorin. Da ya kai shekara talatin sai ya waiwaya, ya yanke wa kansa hukunci mai tsanani: cin nasarar da ya yi ta yi ba ya nuna ya kai ga sanin yaƙi, wataƙila baiwa ce, wataƙila kuma raunin abokan karawa ne. Ya koma horar da kansa safe da yamma, kuma bisa faɗarsa sai da ya kai wajen shekara hamsin kafin ya ga hanyar sosai. Shekara ashirin ke nan na neman abin da duniya ta riga ta ɗauka yana da shi.

A cikin waɗannan shekaru zamani ya juya masa. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600 da faɗuwar ganuwar Osaka a 1615, gidan Tokugawa ya kafa mulkin da ya kwantar da ƙasa, takobi ya soma zama ado a ƙugu. Musashi ya rayu mafi yawan kwanakinsa yana baƙunta a gidajen sarakuna, yana koyar da salonsa na riƙe takubba biyu, yana kuma zane da tawada. Akwai wani zanensa da ake ji da shi har yau: ɗan tsuntsu a saman busasshen reshe, tsutsa kuma tana hawa reshen daga ƙasa ba ta san abin da ke jiranta ba. A 1638, wajen murƙushe tawayen Shimabara, dutsen da aka jefo daga kan ganuwa ya same shi a ƙafa, kamar yadda ya faɗa a wata wasiƙarsa. A 1640 sarkin Kumamoto, Hosokawa Tadatoshi, ya gayyace shi ya zauna a wurinsa, amma shekara ɗaya kawai suka yi tare sarkin ya rasu. A 1643 Musashi ya hau zuwa kogon Reigando da ke bayan gari, inda ya soma rubuta Gorin no sho.

Abin da ke cikin layukan Dokkodo ba shi da wuyar taƙaitawa. Wasu sun shafi jiki: neman jin daɗi, kwaɗayin abinci, burin gida na ƙasaita da bege irin na soyayya. Wasu sun shafi zuciya: nadama kan abin da ya wuce, hassada, ƙorafi da riƙo, da baƙin cikin rabuwa. Wasu sun shafi dukiya: adana tsofaffin kaya don a bar wa na baya, tara abin da ba na yaƙi ba, da tanadin arziki da filaye saboda tsufa. Biyu sun taɓa imanin ƙasarsa, ɗaya a kan camfe-camfe, ɗaya a kan girmama Buda da allolin Japan ba tare da jingina a kansu ba. Wasu kuma sun tsaya a kan mutunci da mutuwa da riƙon hanyar yaƙi har ƙarshe. Kusan dukkansu nesanta kai ne daga wani abu.

Shi ɗalibin da ake magana yana shekarar ƙarshe ta digirinsa na biyu, yana rubuta kundi a kan karin harshen Aderanci. Rani biyu ya yi yana zuwa wani ƙauye a yankin Tawa, inda wani dattijo manomin albasa ya sauke shi a zaurensa, ya ciyar da shi, ya kuma zauna da shi dare bayan dare yana ba shi labarai a gaban na'urar ɗaukar magana. Da ya dawo Yamai da muryoyin, sai aikin ya tsaya cik. Akwai fada da shayinta har tsakar dare, akwai waya, akwai biki da suna na abokai, ga kuma tsoron farar takarda da duk mai rubuta kundi ya sani. Watanni suka wuce bai juye ko rabin abin da ya ɗauko ba.

A wannan hali ne ya gamu da Dokkodo, da farko a Faransanci, daga baya a Ingilishi. Fassarar Faransancin da ya gani ta zo da aikatau tsirara marar mai aiki, irin yadda ake rubuta gargaɗi a takardar magani, ta Ingilishin kuwa umarni ne kai tsaye. Cikin dare ɗaya ya mayar da ita Hausa, kusan kowane layi ya fara shi da «kada ka», ya manna takardar a bango saman katifarsa. Kuma gaskiyar magana, ta yi masa aiki. Ya daina zuwa fada, ya rage waya, yana tashi tun asuba ya zauna kan aikinsa har rana ta take. Cikin wata biyu ya gama babin da ya gagare shi shekara guda. Wanda bai taɓa ganin ya iya riƙe kansa ba, ranar da ya gani, sai ya ɗauka ya samu maganin komai.

Ana nan sai wata safiya ɗan dattijon ya kira shi a waya, ya ce Baba ya rasu cikin dare. Daga Yamai zuwa Tawa tafiyar yini ce a mota, daga can kuma sai a nemi abin hawa zuwa ƙauyen. Ɗalibin ya dubi babin da yake ciki, ya dubi bango, idonsa ya sauka a kan layin da ya shafi baƙin cikin rabuwa. Ya yi gaisuwa a waya, ya ce zai zo, bai je ba. A daren nan ya sa abin sauraro a kunne ya ci gaba da juye muryar mamacin. Yana jin tarinsa, yana jin dariyarsa, yana jin inda yake cewa: «Ɗan lakkol, tahi ka dawo, magana ba ta ƙarewa.» Shi kuwa yana ta sa alamar karin sauti da tsawon wasali a kan kalmomin, yana ƙirga abin da ya yi a matsayin nasara a kan zuciyarsa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, duk ba shi.

Bayan wasu makonni aka ba shi aikin gabatar da misalai a darasin korewa, sai ya kai wa malaminsa fassarar da ke bangon, don a ganinsa jerin hani ne mai tsabta. Malamin ya karanta har ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan layin farko.

«Wannan “ka” ɗin, daga ina ka samo shi?»

«Daga fassarar da na yi amfani da ita, Malam.»

«To ita fassarar daga ina ta samo shi? Je ka dubo asalin. Ba sai ka ji harshe ba kafin ka feɗe jimlarsa, ai aikinmu ke nan.»

Ya nemo matanin da aka rubuta da baƙaƙen boko, ya nemo littafin nahawun tsohon Japananci, ya zauna yana rarraba kowace kalma zuwa ƙwayoyin ma'anarta, yana rubuta aikin kowace ƙwaya a ƙarƙashinta, kamar yadda yake yi wa maganar dattijon. Abin da ya fito ya ba shi mamaki. Daga cikin layuka 21, guda 19 sun ƙare ne da ɗayan abu biyu: ko dai ɗafa-ƙeyar korewa -zu a jikin aikatau, ko kuma kalmar nashi, wadda ma'anarta ta yi daidai da «babu». Biyun da suka rage sun ƙare da aikatau omou, wato yin tunani ko ɗaukar abu a zuci. Dukkan waɗannan sifofi ne na bayani, na faɗin yadda abu yake. Babu siffar umarni ko guda a cikin takardar, babu kuma wakilin suna na wanda ake yi wa magana.

Ba kuwa rashin kayan aiki ne ya jawo haka ba. Tsohon Japananci yana da hanyoyin hani, irin su nakare da bekarazu, yana kuma da beshi, mai ma'anar «ya kamata». Musashi ya san su sarai. A Gorin no sho, inda yake koyar da almajiri yadda ake tsayuwa da kallo da sara, beshi ta cika littafin, sashe bayan sashe yana rufewa da ita. Mutumin da ya yi kusan shekara biyu yana cewa «ya kamata», da ya zo takardarsa ta ƙarshe sai ya ajiye kalmar baki ɗaya.

A nan ne harsunan biyu suka rabu. Japananci yana iya barin jimla ba tare da aikau ba, kuma -zu ba ta ɗauke da alamar lokaci a jikinta, saboda haka layin yakan tsaya a buɗe, ba a ce wa ba, ba a ce yaushe ba. Hausa ba ta ba da wannan dama. Kafin aikatau ya fito sai lamiri ya riga shi, ya faɗi mai aikin ya kuma faɗi lokacin. Mai fassara zuwa Hausa dole ya zaɓa, kuma kowane zaɓi da irin mutumin da yake fitarwa. A ɗauki cin bashi a matsayin misali, ko da yake ba ya cikin takardar. Wanda ya ce «kada ka ci bashi» malami ne da bulala a hannu. Wanda ya ce «ba na cin bashi» yana bayyana halinsa ne. Wanda ya ce «ban ci bashi ba» yana lissafin abin da ya wuce, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Wanda ya ce «ba zan ci bashi ba» alkawari yake ɗauka, kuma mai alkawari ya san akwai yiwuwar ya saɓa. Saura «ba a cin bashi». Wannan ce ta fi kusa da Japanancin wajen ɓoye mai aiki, amma a kunnen Bahaushe murya ce ta al'ada, irin ta «ba a shara da dare» da «ba a zama a bakin ƙofa», kuma zai zama abin dariya a sa muryar camfi a bakin wanda ya rubuta cewa shi ba ruwansa da camfi.

Matanin da kansa ya nuna inda ya karkata. Kalmar mi, mai nufin jiki ko kai, ta maimaitu a layuka da dama, kuma a wasu wurare harafin da ke nufin «ni» ko «nawa» ya fito ƙarara. Layin da ya yi maganar dukiya da filaye ya ambaci tsohon jiki, alhali Terao Magonojo a lokacin bai kai shekara arba'in ba. Tsohon jiki ɗaya ne a ɗakin, na mai riƙe da alƙalamin. Har ila yau, Niten-ki, tarihin rayuwar Musashi da aka kammala a 1776, ya bayyana takardar a matsayin abin da ya rubuta da niyyar ɗaukar wa kansa alkawari. Ashe «ka» ɗin da ya yi watanni a bango yana kallon ɗalibin, ba Musashi ne ya rubuta shi ba. Masu fassara ne suka shigo da shi, ɗalibin kuma ya ƙara masa ƙarfi da hannunsa.

Da wannan ya tabbata, sai korewar kanta ta soma wata magana. Masanin harshe Talmy Givón ya daɗe da nuna cewa ba a furta jimlar korewa haka kawai, ana furta ta ne a inda kishiyarta take a zukata, ko an faɗe ta ko ana tsammaninta. Babu wanda zai shigo aji ya ce «ban sha giya ba» sai in akwai dalilin da zai sa a yi zato. Ruwa ba ya tsami banza. In haka ne, kowane layi na Dokkodo yana ɗauke da inuwar abin da ya kore. Wanda rabuwa ba ta taɓa yi wa ciwo ba, ba zai ɓata tawadarsa ta ƙarshe a kanta ba. Musashi kuwa ya san rabuwa. Ɗansa na riƙo, Mikinosuke, ya kashe kansa yana saurayi a 1626 don ya bi ubangidansa da ya mutu, bisa wata al'ada ta samurai. Sarkin da ya ba shi masauki a ƙarshen rayuwarsa ya tafi ya bar shi cikin shekara guda. Haka nan wanda ya ɗaga makami a kan mutum tun yana ɗan shekara 13, ya kuma maimaita fiye da sau sittin, in ya zo ya yi maganar nadama kwana bakwai kafin mutuwarsa, ba za a ce nadama baƙuwarsa ce ba.

Idan aka karanta ta haka, takardar tana zama jerin abubuwan da suka yi ta jan wani mutum tsawon rayuwarsa, da matsayin da ya ɗauka a gaban kowannensu. Shi ya zaɓe su, domin shi ya san inda rauninsa yake. Wannan kuwa ya dace da mutumin da a shekara talatin ya ƙi yarda da shaidar da duniya ta yi masa, ya koma ya binciki kansa. Horon da ke cikin Dokkodo ya fara ne daga wannan binciken. Ɗalibin ya tsallake binciken ya kwafi sakamakon, kamar mai kwafar amsar wani a jarrabawa alhali tambayoyinsu ba ɗaya ba ne. Rauninsa shi ne shayi da waya da tsoron farawa, kuma a nan takardar ta yi masa rana. Amma yawan kuka a kan matattu bai taɓa zama matsalarsa ba, sai ya sha maganin ciwon da ba shi da shi.

Kaɗaicin da ke cikin sunan ma yana buƙatar a sake dubansa. Hoton Musashi a matsayin matafiyin da ba shi da kowa ya samu ƙarfi ne musamman daga ƙagaggen labarin da Yoshikawa Eiji ya riƙa bugawa a jaridar Asahi daga 1935 zuwa 1939. Tarihi ya nuna wani abu daban. A gidan da sarki ya ba shi ya rasu. Da ciwo ya kama shi a bayan gari, manyan fadawan gidan Hosokawa ne suka aika masa da masu magani, suka kuma lallashe shi ya dawo cikin gari, aka yi jinyarsa har ƙarshe. Ɗansa na riƙo na biyu, Iori, wanda ya zama babban bafade a Kokura, shi ya kafa masa dutsen tunawa a 1654. Ainihin Gorin no sho na hannunsa ya ɓace, abin da ya kawo littafin zamaninmu shi ne kwafe-kwafen almajirai. Ita kanta takardar tafiya shi kaɗai, da sunan mutum a ƙarshenta. Layinta na farko yana magana ne a kan rashin juya wa hanyoyin duniya baya, kuma layi ɗaya tilo da babu korewa a cikinsa ko kaɗan, na huɗu, shi ne wanda ya sa kai a wuri mai sauƙi ya ba duniya nauyi. Mai wannan ra'ayi yana rage buƙatunsa ne don kada ya zama kaya a wuyan mutane, kada kuma kwaɗayi ya ba wani linzaminsa. Wannan dabam yake da yanke zumunta.

Duk da haka bai kamata a mai da shi waliyyi ba. Sana'arsa kisa ce, kuma hanyar da ya yi alkawarin ba zai rabu da ita ba hanyar yaƙi ce. Matsayinsa a kan soyayya na mutumin da bai kafa iyali irin na kowa ba ne, ba kuma kowa ne zai ɗauke shi ya zauna lafiya da mutanensa ba. Layin da ya shafi Buda da alloli yana cikin duniyar addinin Japan, a can ya kamata a bar shi, ko da yake Bahaushen da ya san karin maganar nan ta «Allah ya ce tashi in taimake ka» zai gane ƙin zaman jira da ke cikinsa. A nan ma nahawun yana da amfani. Umarni ana bin sa ne ko a saɓa masa. Amma wanda ya ce maka «ni haka nake», ya bar maka damar ka saurara, ka auna, ka ɗauki abin da ya yi daidai da kai, ka bar masa sauran. Terao Magonojo ya karɓi littafin koyarwa da takardar a rana ɗaya. Littafin ya faɗa masa abin da zai yi da takobi, takardar kuwa ta nuna masa wanda ya koyar da shi.

Ɗalibin ya cire takardar daga bango. Bai bar tashin asuba ba, kuma fada sai daren Lahadi yake leƙa ta. Sabuwar fassarar tana cikin littafinsa na aiki, a ƙarƙashin sunan Musashi, kuma har yau bai yanke tsakanin «ba na» da «ba zan» ba. Wani layin in ya karanta sai ya ji muryar wanda ya riga ya isa, wani kuma sai ya ji ta wanda har a kan shimfiɗar mutuwa yake kokawa da kansa. Ya rubuta duka biyun, ɗaya a saman ɗaya, ya bar su haka.

Da hutu ya zo, ya hau mota zuwa Tawa, daga can ya hau babur zuwa ƙauyen. Zumunta a ƙafa take, ya kuwa san tasa ta makara da wata huɗu. Ya tarar an cire albasa an jibge a rumfa. Ya durƙusa a gaban matar marigayin ya ce:

«Inna, na zo gaisuwa. Ba ni da hujja, ban kyauta ba.»

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce: «Ka zo dai, ɗana. Ya yi ta tambayar ko ka gama takardarka. Tashi ka sha ruwa.»

Bayan sallar isha'i ya fito da katin waya da ya zuba dukkan muryoyin a ciki, ya miƙa wa babban ɗan. Aka sa a waya, aka ajiye ta a kan tabarma a tsakar gida, yara da manya suka kewaye ta. Dattijon ya yi gyaran murya, ya yi tari, ya soma labarin shekarar da fari ya kore su kudu da iyayensa. Babu wanda ya yi magana. A karon farko ɗalibin ya saurari muryar ba alƙalami a hannunsa, kuma da aka zo wurin da tsohon yake ce masa ya tafi ya dawo, sai ya sunkuyar da kai ya bar hawayen suka zuba. Da muryar ta tsaya, wata ƴar jika ta matso kusa da wayar ta ce a maido daga farko.